Ɗigo Uku Daga Rijiyar Asokore

Ana gab da magariba Seini Wahabu ya isa tsohuwar rijiyar da ke bayan Asokore Mampong, da kwalba a aljihu. Aikinsu ke nan a ɗakin gwajin ruwa, su ɗebo su auna tsaminsa. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce, "Ɗana, ba a ɗiba a nan in rana ta faɗi." Ya yi kunnen uwar shegu ya ɗiba.

Shekara tara Seini yana wannan aiki, amma Boukari, ɗan Nijar da ya zo bara, shi Dakta, shugaban ɗakin, ya damƙa wa sabuwar na'ura. Kullum sai an yabi hannun Boukari. Abin yana cin Seini a rai.

Na'urar tana da sandunan gilashi biyu. Ɗaya ke auna ruwa, ɗayar kuma ita ce ma'auni, cike da ruwan gishiri, ba a son ta canja ko kaɗan. Da sassafe Seini ya cire toshiyar ma'aunin ya ɗiga mata ruwan rijiyar sau uku.

Allurar na'urar ta daina tsayawa. A saita ta kan bakwai, kafin a juya ta gangara shida. Kwana huɗu Boukari yana fama, Dakta ya yi masa faɗa a gaban kowa.

A lokacin nan gwamnati na korar baƙi marasa takarda.

"Yaya Seini, duba min na'urar nan," in ji Boukari. "In Dakta ya ƙi sa min hannu a takardata, a mota za a loda mu ni da iyalina."

Seini ya ce zai gani. Bai taɓa na'urar ba sai da aka sallami Boukari aka ba shi ita.

Ran nan ya tsaya bayan an tashi aiki. Ya zubar da ruwan sandar ya cika ta da sabo. Ya ƙwanƙwasa ta kumfar iska ta fita, ya jiƙa bakinta a ruwan ɗumi, ya kankare tsatsar waya. Allura ta tsaya cak.

Ladan ya fara kiran magariba. Allura ta motsa.

Ya zare wayar wuta. Ta ci gaba da gangarawa.

Warin laka ya cika ɗakin. Ta saman kansa ya ji igiya tana gogar bakin rijiya, a hankali.

Ruwan cikin sandar ya yi baƙi.

"Ka ɗebo ni," wata murya ta raɗa daga cikin gilashin. "Ka sa ni ƙarya."

Ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawunsa. Ya kai gwiwa. Ƙofa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

Wani abu mai santsi ya naɗe masa ƙafa ya ja.

Da kujera ya fasa taga ya faɗa waje. Maigadi ya same shi jiƙe har wuya, ɗakin kuwa a bushe ƙayau.

Da safe ya gaya wa Dakta gaskiya, ya ruga unguwar Zongo, inda Boukari yake zaune. Ɗakin Boukari a buɗe, ko tabarma babu. Maƙwabciyarsu Adizatu ta ce motarsu ta tashi tun jiya. Ta miƙo masa wani littafi, duk dabarun gyaran na'urar a ciki da rubutun Boukari.

"Ya ce a ba yayansa, kada allurar nan ta ba shi kunya gaban Dakta."

Seini bai koma aikin ba. Goro ya riƙa sayarwa a kasuwa, kuma bai ƙara yarda magariba ta riske shi kusa da rijiya ba. Duk direban da ya zo daga Yamai sai ya tambaye shi Boukari. Babu wanda ya san shi.