Bidiyon Ranar Talata

Ranar da Musaddiq ya fara ganin Hibatullah, a kujerar mara lafiya yake zaune.

Kwas ne na masu digiri a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Madina, inda ake haɗa likitoci da nas-nas da masu kula da iyalai da malaman addini a aji ɗaya, su koyi aiki da masu taɓin hankali mai tsanani. Shi ɗan Zariya ne da karatun shari'a ya kawo shi. Ita nas ce haifaffiyar unguwar Jurf a nan Madina, jikar alhazan Kano da suka zo hajji suka zauna. Duk Talata ɗalibi ɗaya yakan zama mara lafiya, wani ya yi masa tambayoyi, a ɗauki bidiyo don gyaran kuskure.

Ran nan Hibatullah ce mai yin tambayoyin, da Larabci aka fara. Can sai Musaddiq ya waiga kamar ana kiransa ta bayan bango, Hausa ta kuɓuce masa.

"Sun ce kar in ci abincin nan."

Hibatullah, wadda ko a gida da Larabci take amsawa, ta matso da kujera. "Su wa suka ce, ɗan'uwana?"

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ya shekh, ka tsorata ni wallahi. Min wen, a ina ka koyi wannan?"

"Wata rana zan gaya miki. Ke dai muryarki ta sa na manta wasa muke."

Kafin shekara ta zagayo ya zama Habibi, ta zama Hibata, malamansa kuma sun je gaban mahaifinta, Alhaji Abdussamad.

Sai Fahad ya farka. Ɗan gwaggonta ne, mai shagon turare a Ƙuba, shekara biyar yana kewaya gidan saboda ita, bai taɓa buɗe baki ba. Ya ga bidiyon a kwamfutarta, ya yanke farko da ƙarshe, ya tura wa Alhaji tsakiyar.

"Kai majnun ne?" Haka Alhaji ya tari Musaddiq, ko gaisuwa ba a gama ba.

Musaddiq ya kunna masa cikakken bidiyon, har inda aji ya tafa. Alhaji ya yi dariya, ya zuba masa gahawa da hannunsa. "To ya aka yi ka iya abin haka, ya waladi?"

Da ya ce baiwa ce, da magana ta ƙare. Amma Musaddiq ba ya iya ƙarya, ko ta ceton kai.

"Mahaifiyata ce, Baba. Shekara goma sha huɗu tana fama. Maganarta na ara."

Alhaji ya ajiye kofi. "Khalas. Abin nan jini yake bi. Ba zan ba ka 'yata ba."

Abin takaici, a saman benen da suke zaune akwai Tahir, yayan Hibatullah, shekara shida yana fama da irin wannan ciwon. Duk baƙon da ya tambaya sai a ce yana aiki a Jidda.

Ta rubuto masa tana kuka: "Lesh, don me ba ka yi shiru ba? Lesh, Habibi?"

"Hibata, ina son ki fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ba zan ɓoye uwata don in same ki ba."

Sati uku suna zama aji ɗaya, kowa na kallon littafinsa.

Alhaji ya sa sabuwar riga ya tafi Ƙuba wurin ƙanwarsa Kaltume, uwar Fahad, ya ce a haɗa Fahad da Hibatullah a huta. Ta daɗe tana gyara mayafi.

"Yaya, ka yi haƙuri. Kowa fa ya san Tahir ba ya Jidda. Ɗana ɗaya ne, ba zan kai shi inda jikokina za su gaji wannan ba."

Fahad yana falon, bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Bayan kwana biyu Alhaji ya kira Musaddiq.

"Ka san da Tahir?"

"Na sani, Baba. Tun watanmu na biyu ta gaya min."

"Kuma ka turo malamanka?"

"Na turo."

"Da na kore ka, me ya sa ba ka goranta min ba?"

"Ciwo ne, Baba. Ba abin gori ba ne."

Tsohon ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa.

An ɗaura auren bayan la'asar a masallacin unguwa. Rabin dangi ba su zo ba, gidan Kaltume ko waya ba su yi ba. Tahir ya sauko cikin farar riga, ya zauna kusa da mahaifinsa.

Da aka koma gida Alhaji ya ce a kira masa Zariya, yana son neman gafarar surukarsa. Ranar kuwa ciwon nata ya motsa, ba ta gane muryar ɗanta ba. Hibatullah ta karɓi wayar.

"Inna, amaryarki ce."

Musaddiq ya riƙe hannun matarsa gam.

"Ban san ku ba," in ji tsohuwar. "Amma ko ku su wane ne, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku."

Alhaji ne ya fara cewa amin.