Zobe Uku a Cikin Hulata

"Wa ya ba ka wanga abu?"

Inna ce tsaye a kaina, hulata jiƙe a hannun hagu, takarda a hannun dama. Na zo Jangeru ne daga Ƙaura Namoda in gaishe ta. Na ɗan kishingiɗa bayan la'asar, ita kuma ta ɗauki hular za ta wanke min. A cikin lanƙwasar hular ta tsinci takardar.

"Inna, takarda ce kawai..."

"Labbo, ban tambaye ka ko mi ce ba. Wa ya ba ka?"

"Sa'ida."

"Malamar nan ta Zurmi?"

"Ita."

Ta warware takardar. Ɗigo ɗaya ne baƙi a tsakiya, da zobe uku da suka kewaye shi, wani cikin wani. Kan kowane zobe akwai lambobi irin na allo. Can sama kuma sunana ne da ajami.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta zame ta zauna a ƙasa. "Ta gama da kai, ɗana."

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji uku na bar firamare, shekarar da Baba ya rasu. Abin da na iya shi ne gyaran rediyo, ina da ɗan shago kusa da tashar jirgi a Ƙaura. A nan na fara ganin Sa'ida da bazarar da ta gabata. Ta shigo da rediyo naɗe cikin ɗankwali.

"Injiniya, yau nake sonta."

"Malama, layi ake bi."

"Jiya ana tsakiyar wani labari ta mutu. An ce yau za a maimaita."

"Labarin yaƙi?"

"Na tauraro."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallona har sai da na ture aikin mutum uku na buɗe tata.

Kimiyya take koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Kafin damina ta fita na san hanyar Zurmi kamar hanyar gidanmu. Bayan an sanar da Shari'a a Gusau kowa ya shiga taitayinsa, zancenmu ya koma ƙofar gidansu tsakanin magariba da isha'i, goggonta na zaune gefe a kan tabarma tana ɓare gyaɗa.

Wata rana bayan kaka Sa'ida ta ɗaga hannu ta nuna sama ta wajen arewa.

"Ka ga wancan ƙaramin? Ba mai hasken ba, na gefensa."

"Na ga wani abu kamar ƙwayar gero."

"Shi ne wanda na kawo rediyo saboda shi. Rana ce irin tamu, har ta ɗan ɗara tamu girma. Nisa ne ya mayar da ita haka. Haskenta sai ya yi shekara arba'in da huɗu a hanya kafin ya iso idonka."

"Ya fi jirgin Ƙaura jinkiri ke nan."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Kuma a cikin taurari maƙwabcinmu ne. Bana aka gano duniyoyi uku na kewaya shi. Ta kusa, kwana huɗu da rabi shekararta ta cika."

"Ke nan duk mako sai an yi shuka an yi girbi?"

"Ba mai shuka a can, Labbona. Zafinta ya fi na maƙera."

Na ce ban gane ba. Gaskiya kuma ban gane ba. Sai ta yago takarda daga littafin shirin darasinta, ta zana min a ƙarƙashin fitilar ƙwai. Ɗigon shi ne tauraron, zoben su ne hanyoyin duniyoyin, lambobin kuma kwanakin da kowacce take yi kafin ta zagayo. Ta san boko na ba ni wuya, shi ya sa ta rubuta komai da lambobin allo, ta sa sunana da ajami.

"Don kada ka ce ba taka ba ce," ta ce.

Ban taɓa samun takarda daga hannun mace ba. Na ninke ta na sa a hula.

Duk wannan na yi ƙoƙarin faɗa wa Inna. Bakina ya kasa. Na ce tauraro, na ce rana, na ce duniya uku. Da kaina na ji maganar ta fito kamar ta mai zazzaɓi.

"Duniya uku," Inna ta maimaita. "Ka ji abin da kake hwaɗi kuwa?"

Ta aika aka kira Kawu Ɗantani, yayanta, wanda ya tsaya mana tun rasuwar Baba. Ya riƙe takardar da bakin rigarsa, bai yarda ta taɓa fatarsa ba. Washegari ya kai ta wurin wani malamin tsibbu a Shinkafi, ya dawo da fassara a shirye.

"Hatimi ne. Kai ne ɗigon ga na tsakiya. Zobe na farko shi raba ka da uwarka, na biyu da garinku, na uku da hankalinka."

"Kawu, a gabana ta zana shi..."

"Ai a gabanka za ta zana, don shi kama da kyau. Yanzu akwai Shari'a a ƙasar ga. Gaban alƙali za mu, ta yi bayanin inda ta koyo sihiri."

Malamar makaranta a gaban alƙali kan zargin asiri? Ko an wanke ta, wane uba ne zai sake tura 'yarsa ajinta? Na durƙusa na roƙe shi. Da ƙyar ya yarda a fara zuwa wurin mahaifinta.

Da ya fita, Inna ta matso kusa da ni. Ba faɗa ta yi ba. Da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi.

"Da can duk Juma'a kana nan. Yanzu sai ka yi wata ban gan ka ba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Inna."

"Ka rame. In na zuba maka tuwo sai ka yi loma biyu ka tashi. Jiya da magariba na gan ka tsaye bayan rumbu, ka ɗaga kai sama kana murmushi kai kaɗai. Wa kake wa murmushi?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai kaɗai gare ni, Labbo. In anka ɗauke min kai, wa za ni kira?"

Ba zan yi wa kaina ado ba. Maganar ta shige ni. Na kwanta ina lissafi. Tun yaushe na daina barci sosai? Tun yaushe na fara sa wa mutane batir a juye? Na san so ne. Amma ban taɓa yin so ba balle in san iyakarsa. Wata zuciyar ta ce, to in ba so ne kaɗai ba fa?

Ranar Lahadi muka tafi Zurmi, ni da Kawu a babur, Inna a motar mata.

Malam Armiya'u, mahaifin Sa'ida, tsohon ma'aikacin gona ne, mutum mai sanyin magana. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo fura. Ba wanda ya taɓa ta. Ya aika aka kira limamin unguwa, sannan ya kira 'yarsa.

Ta shigo da farin hijabi, ta gaishe da kowa. Da ta zo kaina ta ɗan yi murmushi. Ta ɗauka maganar aure ce ta kawo mu.

Kawu ya jefa takardar tsakiyar tabarma.

"Ɗiyar ga, mi ne ne wanga?"

Ta duba takardar, ta dubi fuskokinmu. A nan ta gane. Murmushin ya tafi, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta yi bayani dalla-dalla kamar tana aji, ta faɗi tauraron, ta faɗi duniyoyin, ta faɗi kwanakin.

"To madalla," in ji Kawu. "Ke kin taɓa ganin duniyoyin ga?"

"A'a, Kawu."

"Wa ya gan su?"

"Ba wanda ya gan su da ido tukuna."

"Kun ji ko? To ta yaya anka san suna nan?"

"Suna jan tauraron ne, sai ya riƙa ɗan rangaji. Masana sun yi shekaru suna auna rangajin a haskensa. Kamar a hango mace daga nesa tana tafiya, ba a ga goyonta ba, amma daga takunta a san da goyo."

Kawu ya tafa hannu.

"Tauraro mai goyo. Kai, boko ya iya ƙarya."

Malam Armiya'u ya kau da kai daga Kawu. Ya juyo gare ni.

"Labbo, kai aka ba takardar ga. Kana wurin sa'ad da anka rubuta ta. Mi ka ce? Asiri ne ko karatu?"

Inna na hagu da ni, idonta cike da ƙwalla, ta kama bakin rigata da yatsu biyu. Sa'ida na gabana. Ita ba ta roƙe ni da ido ba. Jira kawai take, kamar wadda ta riga ta san amsar.

In na ce karatu ne, na ƙaryata uwata da kawuna a gidan baƙi. In na ce asiri ne, na kashe Sa'ida. Sai na nemi hanyar tsakiya, irin ta matsorata.

"Baba... Allah shi ne masani."

Na ga lokacin da maganar ta same ta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuyar da kai, ta gyara hijabinta.

Liman ya ɗauki takardar da hannunsa, ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya.

"Malam Ɗantani, na shekara arba'in ina ganin hatimai, ina hana mutane su. Ina aya a nan? Ina sunan aljani? Ina sunan uwar yaron? Ba a yin irin abin da kuke tsoro ba da sunan uwa ba. Wanga lissafi ne. Kuma wanda ya halicci rana ɗaya, dubu ba ta gagare shi ba. Ku ji tsoron Allah, ku bar ɗiyar mutane."

Kawu ya yi 'yan ƙunƙuni ya miƙe. Inna ta rufe fuska da gyale. Kafin in ɗaga kai Sa'ida ta shige cikin gida.

Mako uku Inna ba ta ta da maganar ba. Rannan da safe ina shirin komawa Ƙaura, ta fito da ƙwaryar goro da turmin atamfa.

"Na ɗauki alhakin yarinyar ga. Ka kai masu. Ka ce na amince, a sa rana."

Ban tsaya karyawa ba. Na ɗaure kayan a bayan babur na kama hanyar Zurmi, ina tafe ina shirya maganar da zan faɗa wa Sa'ida.

Ta fito bakin zaure, ba ta zauna ba.

"Sa'idata... Inna ta yarda. Ga goro. Kawu ma ya ce a ba ku haƙuri."

"Na haƙura da su tun ranar. Inna tsoron rasa ɗanta ta ji, kuma ba ta wurin da na yi zanen."

"To shi ke nan, sai mu..."

"Kai kana wurin, Labbo."

Ta matso taku ɗaya.

"Kai ka riƙe min fitilar. Kai ka ce in ƙara girman lambobin don ka iya karantawa."

"Uwata ce zaune a gefena. Ya kike so in yi? In kunyata ta gaban mutane?"

"Ban so ka kunyata ta ba. Cewa za ka yi, Inna ki yi haƙuri, ba haka ba ne. Kalma nawa ce?" Ta dube ni ido cikin ido. "Amma bari in tambaye ka abu ɗaya, kuma na san ba ka iya ƙarya ba. Kunyar Inna ce kaɗai ta hana ka, ko kai ma ka yi zaton na yi maka?"

Da na iya ƙarya da yau tana ɗakina.

"Kwana ɗaya ne..." na ce. "Wallahi kwana ɗaya ne kawai ya ɗarsu a raina."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Na gode da ka faɗi gaskiya. Ina sonka, Labbo, Allah ya sani. Amma ba zan iya zama gidan da in ka yi ciwon kai za a dubi abincina ba. Duk ranar da ka yi min alheri, zan ce ko yana jin tilasta shi aka yi. Duk ranar da ka yi shiru, zan tuna wancan shirun."

"Ki ba ni lokaci. Zan gyara."

"Ba rediyo ba ce, Injiniya."

Ta so ta yi murmushi, ya ƙi. Ta juya ta shiga gida. Na kira sunanta sau biyu. Goggonta ce ta leƙo, ta girgiza min kai, ta saki labule.

Ina nan tsaye Malam Armiya'u ya fito. Ya ɗauki ƙwaryar goron da atamfar daga inda na ajiye, ya ɗora su a bayan babur ɗina, ya ɗaure da kansa. Ya ja igiyar sau biyu ya tabbata ta kama.

"Na yi mata magana har sau uku, ɗana. Ban yi mata dole. Ka gai da Inna, ka ce mun gode."

Na tayar da babur. Ina fita gari, daidai gangaren gulbi, idona ya daina ganin hanya. Na sauka na zauna a kan yashi, ni da ban yi kuka ranar da aka binne ubana ba. Masu shanu suka zo wucewa, wani dattijo ya tsaya ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare.

Na ce masa a'a, da mai.