Diddigar Gahawar Baba

"Gashua fa ba Makka ba ce, Aisa," in ji Sabitu. "Mota ɗaya ce daga Nguru."

Aisa ta ci gaba da dakan gahawa a ƙaramin turmi kamar ba da ita yake ba. Tun shekarar fari yake zuwa zance daga lambunsa na fadamar Katuzu da ke gefen Gashua, amsar kuma ba ta sake ba: tana son sa, amma wa zai dafa wa Baba gahawa? Tun rasuwar mahaifiyarta Hajja Kaltum, Baba Kalli ba ya karɓar kofi daga hannun kowa sai nata. Da safe gahawa, da hantsi gahawa, bayan la'asar ma gahawa. In ya shanye sai ya ce ta juye diddigar a gindin lemun tsamin da marigayiya ta shuka a tsakar gida, wai taki ne.

Takin dai bai hana lemun lalacewa ba. Ganyen ya yi ruwan ɗorawa, 'ya'yan na zubewa tun suna ƙanana, tsoho kuwa sai ƙara yawan gahawa yake yi.

Ran nan Sabitu ya shiga gaishe da Baba. Mai lambu ba ya ganin shuka a wahale ya wuce, don haka ya tsuguna ya tona gindin da tsinke. Diddigar ta daskare kamar daɓe, ƙarƙashinta duk fumfuna, ƙasar kuma a bushe ƙayau. Ya yi bayani cikin ladabi cewa takin na da kyau, amma sai an shanya shi, a gauraya da ƙasa, a zuba kaɗan nesa da gindi. In ya yi yawa, ruwa ba ya ratsawa.

Baba ya daɗe yana kallon ramin. Da baƙo ya tafi, Aisa ta ɗauko garwashi za ta ɗora ta la'asar.

"Bar shi, uwata," ya ce. "Ni fa ban taɓa son gahawa ba."

Ta tsaya da mafici a hannu.

"Uwarki ce mai sha. Ita ke zuba wa lemun nan diddiga. Da ta tafi sai na ga in na bari, kamar na bar ta da yunwa..." Ya share fuska da bakin rawani. "Kuma in kina dafawa, ina jin motsin mutum a gidan."

"Baba, ai ban taɓa yin ƙorafi ba."

"Shi ya sa nake jin kunya. Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

Aisa ta yi kuka, rabi na murna, rabi na haushi, don ta tuna yawan hayaƙin da ta sha a kan abin da mai shan ma ba ya so. Ta nace ba za ta bar shi ba. Ya ce tsohon da ya yi fataucin banda har Kano ba zai kasa hura wuta ba, ga kuma ƙanwarsa a bayan katanga.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Sabitu ya raya mata dashe daga 'ya'yan lemun Hajja, ta dasa a ƙofar ɗakinta a Gashua.

Wata ranar kasuwa direban a-kori-kura ya kawo mata gwangwanin madara an toshe bakinsa da tsumma. Ya ce Baba na gaishe ta, lemu ya yi sabon toho, wannan kuma diddiga ce, rabon lemun wajenta, an shanya.

Ta buɗe ta sunsuna. Ƙauri ya buge ta. Baba ya bar ƙwayar a kasko har ta ƙone, kuma ta san sai da ya shanye abinsa shi kaɗai kafin ya samu diddigar.

"Masoyiya, lafiya?" Sabitu ya tambaya.

"Baba ya ƙona gahawa," ta ce. Ta tsuguna a gindin dashen tana barbaɗawa kaɗan-kaɗan, hawaye na bin hannunta.