Bututun Bayan Gidan Jazuli

Kai Mudi, kashe wayar nan. Kashe ta na ce, ko in ƙwace in jefa ta a randa. Ku kuma ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo babu Ƙoƙi. Mutumin yana nan da ransa a Haɗejiya, kuma dukanku kun taɓa durƙusawa kun gaishe shi.

Jazuli nake nufi, mijin Anti Batula. E, shi, mai sa safar hannu ɗaya ko da rana na dafa ƙwai. Kun ɗauka gayu ne ko? To ku saurara.

Jazuli yana da kai, wannan ba mai ƙwace masa. Sai dai taurin ya fi kan yawa. Ya shiga harkar nan ta haƙar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da ba a riƙe shi a hannu. Ba rami ake haƙawa ba. Kwamfutoci ake jerawa su yi ta lissafi ba hutu, ana ɗigo wa mai su ɗan abin da ya samu. Ya kwashe kayan ɗakin ajiyar Batula ya watsar a tsakar gida, ya sa aka yi masa kanta ta ƙarfe, ya jera allunan kwamfuta, ya shimfiɗa sola a kan kwano. Tun daga ranar gidan bai ƙara sanin shiru ba. Fankoki ne kawai, wuuu, ko sallamar baƙo ba a ji.

Sai bazara ta shigo. Kun dai san bazarar Haɗejiya. Ɗakin ya koma kamar gidan burodi, injinan suka dinga ɗaukewa. Ya ƙara fanka, a banza. Ya ƙwaƙule taga, a banza. Ran mutumin ya ɓaci, kowa ya yi masa magana sai ya hau shi da faɗa.

Ƙarshe ya je wajen makanikai ya sayo tsohon lagireto na mota, mai sanyaya inji, da tiyo, da duro, da ɗan ƙaramin famfo. Ya haɗa yadda ruwa zai dinga zagaya injinan yana kwashe zafin yana komawa duro. Abin ya yi, wallahi ya yi. Amma ruwan duron kan yi zafin da zai fige kaza, dole a zubar a zubo na rijiya. Ganin ɗauka da zubarwa zai dame shi, sai ya huda bango ya zura bututu zuwa tsohon kangon da ke bayan gidan. Ya sa wani ɗan makulli mai buɗe kansa. Ruwa na yin zafi sai ka ji ƙas, ya kwarara waje.

Batula ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, 'yarsu Ikilima na riƙe da zaninta. Lokacin yarinyar ba ta daɗe da yaye ba.

"Abban Ikilima, ruwan zafi ne fa," in ji ta.

"Na sani."

"To wa zai yi bismillah in zai zuba?"

Ya juyo ya dube ta sheƙeƙe. "A wannan zamanin, Batula?"

"Zamani bai tashi mutanen ɓoye daga ƙasa ba. Ko ruwan wanke shinkafa ne, in da ɗumi, ba a watsa shi haka kawai."

Kun san abin da ya yi? Ya ɗauko wata 'yar sifika, ya naɗi muryarsa yana bismillah, ya jona ta da makullin. Makulli na buɗewa, murya na tashi, ruwa na zuba, duk lokaci guda.

"Ga shi nan," ya ce yana dariya. "Wannan ba ya mantuwa, ba ya barci. Hankalinki ya kwanta?"

Kun ji rainin hankali? Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ba a jima ba bututu ya fara toshewa. Ya zagaya ta lungu, don ƙofar kangon tana can nesa ta wancan layin, ya tarar an liƙe bakin da laka. Ya sa rodi ya zokale. Washegari an cusa ciyawa. Ya zokale. Aka cusa tsumma. A jikin lakar akwai shatin yatsu, sirara, dogaye. Bai tsaya ya duba da kyau ba. Ya bi gidajen maƙwabta yana tijara, wai 'ya'yansu ne, wai hassada ce. Har mai unguwa sai da ya ji kansu.

A kwanakin ne Ikilima ta kwanta. Zazzaɓi, jiki rau kamar garwashi. Aka ba ta magani, bai sauka ba. Sai bororo ya fito mata a tafin ƙafa. Sai a gadon baya. Da aka kai ta asibiti, likita ya ɗaga rigarta, ya dubi Batula.

"Hajiya, wa ya zuba wa yarinyar nan ruwan zafi?"

Batula ta rantse da Allah ko shayi bai taɓa ta ba. Likita ya yi mata kallon rashin yarda. Ta dawo gida tana kuka, kukan baƙin ciki.

Uwa kuwa ba ta rasa lura. Tana zaune da yarinya a cinya, sai ta ji ƙas daga ɗakin injin. Ikilima ta ƙwalla ƙara ta banƙare. Aka jima, ƙas. Yarinya ta sake ƙwallawa. Batula ta miƙe ta same shi.

"Kashe abin nan."

"Ba a kashe shi."

"Na ce ka kashe! Duk sanda ruwan nan ya zuba 'yata ke ihu."

"Ke dai camfi ya gama da ke. In na kashe, da me zan sayi maganin?"

"Maganin ciwon da kai ke zuba mata? Wallahi Jazuli," ranar ta kira sunansa gatsal, "in yarinyar nan ta mutu ban yafe maka ba, duniya da lahira."

Maimakon jikinsa ya yi sanyi, sai ya ƙara hawa. Ya ja ƙofar ɗakin injin ya datse da kwaɗo, ya jefa mukullin kwaɗon a aljihu, don kada ta shiga ta kashe. Ya ɗauki rodi.

"Yau sai na kama ɗan banzan da ke toshe min bututu."

Gab da magariba ne. Lokacin da ake kora yara cikin gida. Shi kaɗai ya bi lungun.

Ya shiga kangon. Ƙasa ta yi caɓal da ruwansa, takalminsa na nutsewa. Ciyawar wurin duk ta ƙone ta yi fari. Ba kukan tsuntsu. Ba kukan gyare. Sai gunjin fankoki ta cikin bango.

Ga mace nan tsugune a bakin bututu, ta ba shi baya. Baƙin zane. Tana ɗibar laka tana liƙawa.

"Ke! Ashe ke ce munafukar?"

Ba ta juyo ba.

"Da ke nake! Gidan wa kike?"

Ya matsa. Sai ya lura. Shi yana nutsewa, ita ko shatin ƙafa babu a inda take. Ya ƙara dubawa. Ta ba shi baya ne, amma yatsun ƙafarta shi suke kallo.

Rodin ya yi masa nauyi.

"Ka zo," ta ce.

Muryarsa ce. Tasa ta kansa, da 'yar shaƙewar nan ta sifika.

"Ita ka aiko mana," ta ce. "Ga ta na dawo maka da ita."

Ya so ya yi addu'a, harshe ya ƙi. Ya so ya gudu, laka ta riƙe. Ta ɗan gusa gefe. A ƙarƙashin bututun akwai wani ɗan rami. A ciki yarinya ce kwance, tsawon Ikilima. Bororo a tafin ƙafa. Bororo a gadon baya. Ko kuka ba ta iya yi.

"Nan ne ɗakinmu," in ji matar. "Tun ba a haifi kakanka ba."

"Ai... ai ana bismillah," ya ce.

Sai ta juyo. Kada ku tambaye ni fuskarta, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya dai ce tana magana amma ƙirjinta ba ya motsi.

"Mun ji sunan Allah. Mu ma Shi muke bauta wa. Amma uwarka in za ta zubar da ruwan zafi, takan faɗa, sannan ta tsaya, tukunya a hannu. Wannan 'yar tsayawar ita ce tamu. A cikinta muke kwashe 'ya'yanmu. Kai fa? Murya da ruwa tare. Ka kira mu ne mu kauce, ko ka kira mu ne mu ga yadda ake dafa mu?"

"Baiwar Allah, ki ɗauke ta daga nan."

"Ba ta ɗaukuwa. In na taɓa, fata ke biyo hannuna. Na toshe, ka zokale. Na toshe, ka zokale, kana zagin uwar mai toshewa. To ji nan, ɗan Adam. Abin da ya taɓa tawa ya taɓa taka. In ya ƙara zuba, tawa ba za ta kai isha ba." Ta nuna bangon gidansa. "Taka ma."

Daidai nan sautin famfon ya canja ta cikin bango. Jazuli ya san wannan sautin, shi ya haɗa abinsa. Duro ya yi zafi. Makulli na shirin buɗewa.

"Batula!" ya ƙwalla. "Batula, kashe! Kashe shi!"

Wa zai ji shi a cikin wannan gunji? Ko ta ji ma, ta ina za ta shiga? Ya shafa aljihu, ga mukullin kwaɗo nan. Ya dubi ƙofar kango, ta yi nisa. Ya dubi lakar bakin bututu, ɗanya ce sharaf, ba za ta riƙe komai ba.

Ya yar da rodi. Ya faɗa a gwiwa a gaban ramin. Ya sa tafin hannunsa na dama ya danne bakin bututun, ya ɗora dukan nauyinsa.

Ƙas.

Ya ji muryarsa can ciki tana bismillah, hankali kwance. Ruwa ya daki hannunsa.

Ihun da ya yi, an ce har bakin kasuwa an ji. Amma bai saki ba. Ruwa na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ya kare da ƙirji, kada ɗigo ya sauka a ramin. Yana jin naman hannunsa na nuna. Yana kiran sunan Ikilima. Bai saki ba.

Ruwa ya rasa hanya ya koma ciki. Tiyo ya fashe a kan injinan. Aka ji tas, tas, ƙaurin waya ya tashi. Fankoki suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka yi tsit. Sai ga kiran sallar magariba, wanda ya manta rabon da ya ji shi daga gidansa.

Matar ta kamo hannun nasa. Fatar ta saɓule. Ta duba, ta duba shi.

"Ka tsaya," ta ce. Yanzu da tata muryar, busasshiya, ta tsohuwa. "A makare, amma ka tsaya. Sanyi kake ta nema ko? Ga shi."

Ta shafa tafin. Zafin ya ɗauke ɗif. Ya ɗaga kai, ba mace, ba yarinya, ba rami. Sai sawun ƙafarsa shi kaɗai a cikin laka.

Da gudu ya koma gida. Ya tarar da Batula da taɓarya a hannu, ta kusa karya ƙofar ɗakin injin. Ba ta ko dube shi ba, ta koma ɗaki. Ikilima na zaune a kan katifa, gumi sharkaf, zazzaɓi ya sauka. Wai koko take so.

Jazuli ya fashe da kuka. Ya miƙa hannun nan ya shafa kumatunta. Yarinya ta zabura ta ƙanƙame uwarta.

"Umma, ƙanƙara! Ki ce ya daina!"

Hannun ya warke, ko tabo babu. Amma har yau sanyi ne da shi kamar na gawa. Ya kanga shi a wuta, ya tura shi a rairayin rana, a banza. Ikilima ta girma, tana son ubanta, amma ku lura in suna tafiya, kullum a hagunsa take. Hannun da ya cece ta, ba ta taɓa yarda ya sake taɓa ta ba. Ni kuwa ba na ganin laifinta. Da ya ji maganar matarsa tun farko, da yana da hannu biyu na ɗaukar 'yarsa.

Don haka in an kai ku Haɗejiya hutu, kada in ji wani ya bi lungun nan shi kaɗai da magariba, ko aiken wa ne. Masu wurin suna nan, kuma ba su manta ba.

Kai Mudi, ina za ka da butar shayin nan? Zubarwa? Da zafinta? Ashe duk bakin da nake ɓatawa a bayan kunnenka yake sauka. Yi bismillah in ji.

Yawwa. Yanzu tsaya.

Tsaya dai.

To, zuba.