Ranar da Mohira Ta Ruga Wajen Teku

Mohira 'yar birnin Samarkand ce, a ƙasar Uzbekistan. Shekarunta goma sha tara. A jami'arsu ita ce ta ɗaya a ajin Jafananci. Shi ya sa aka zaɓe ta ta je Japan ta yi karatun shekara guda.

Jami'ar da aka tura ta tana wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. Kafin zuwanta ba ta taɓa ganin teku da idonta ba. Aka sauke ta a gidan Mama Fusako, wata ma'aikaciyar jinya, wadda ke zaune da 'yarta Suzu mai shekara biyar. Maigidan yana aiki a jirgin ruwa, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba.

Tun ranar farko Mohira ta ga abin da ba ta zata ba. Jafanancin littafi daban, na bakin mutane daban. Mutanen garin suna magana da sauri, suna haɗiye rabin kalma. In an faɗi kalma goma, da ƙyar take cafke uku.

Tsoro ya kama ta. Ta ce a ranta, in ta nuna ba ta ganewa, za a ce ashe wannan ce gwanar ajin nasu? Wataƙila ma a mayar da ita gida, ta rasa abin da za ta gaya wa mahaifinta.

Sai ta samo dabara. Duk wanda ya yi mata magana, sai ta rusuna, ta yi murmushi, ta ce, “To, na gane.”

Wata rana Mama Fusako ta aike ta sayen awara, ta dawo da ƙwai. Mama ta yi dariya, ta soya ƙwan suka ci. Wata rana kuma ta fitar da kwalabe a ranar da ake kwashe takardu, masu shara suka bar mata ledar a ƙofar gida. Nan ma dariya aka yi.

A aji, Malama Kuroda ta lura da ita. Ta ce, “Mohira, kina saurin gyaɗa kai. A harshenmu, kalmar hani a ƙarshen magana take zuwa. Sai mutum ya kai ƙarshe za ki san ko cewa ya yi ki yi, ko kada ki yi. Ki riƙa jira.”

Mohira ta rusuna ta ce ta gane.

Bayan wata biyu, jami'a ta shirya wa baƙin ɗalibai atisayen abin da ake yi idan an yi girgizar ƙasa. Aka ce za a haɗa kowane ɗalibi da wani dattijon gari, ya yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Da Mohira ta ji haka, ta fara neman hanyar kaucewa. Ranar atisayen ta ce kanta yana ciwo, ta shige ɗakin karatu ta ɓuya.

Ana nan, wata Asabar da safe aka kira Mama Fusako aiki a asibitin garin da ke gaba. A makon, ƙasa ta ɗan motsa sau biyu. Mama tana saka takalmi a bakin ƙofa, tana yi wa Mohira dogon bayani cikin sauri. Fuskarta babu wasa.

Kalma uku Mohira ta ji: girgiza, Suzu, gida. Tun Mama ba ta rufe baki ba ta fara gyaɗa kai.

Mama ta tsaya ta dube ta. “Kin tabbata kin gane, 'yata?”

“Na gane, Mama.”

Bayan sun ci abincin rana, Mohira ta kai Suzu filin wasan yara da ke tsakiyar gari. Wayarta ta bar ta a gida tana caji. Suzu ta hau lilo, tana cewa, “Yaya, tura ni da ƙarfi.”

Ba ta kai ga tura ta sau uku ba, ƙasa ta yi wani irin gurnani. Sai komai ya fara rawa. Turakun lantarki suna kai da kawowa. Wata katanga ta zube a tsallaken titi. Mohira ta fizgo Suzu daga lilo, ta kwanta a kanta, tana kiran sunan Allah. A garinsu ma ana yin girgizar ƙasa, amma ba ta taɓa jin mai tsawon wannan ba.

Da ƙasa ta lafa, sai jiniya ta ɗauka. Lasifikan gari suka fara magana. Muryar wani mutum ce, yana maimaita abu ɗaya. Mohira ta kasa kunne iya ƙarfinta. Kalmomin manya ne, kuma amsa-kuwwa tana cinye su. Ba ta fahimci ko ɗaya ba.

Sai ta tuna da kalmomin Mama. Girgiza, Suzu, gida. Ta ce a ranta, ai shi ke nan, cewa ta yi in an yi girgiza in kai Suzu gida.

Gidan kuwa yana can gangare, titi biyu tsakaninsa da tashar jiragen masunta.

Ta kama hannun yarinyar suka nufi gangare. Suzu ta turje, tana kuka, tana jan hannunta baya.

“Yaya, sama. Malamarmu ta ce sama.”

“To, in mun isa gida sai mu hau ɗakin sama,” in ji Mohira. Ta sunkuya ta goya ta, ta fara gudu.

Mutane suna ta fitowa daga gidaje, amma kowa tudu ya nufa. Wata mata riƙe da jariri ta ɗaga murya ta faɗa mata wani abu. Mohira ta gyaɗa kai ba ta tsaya ba. Wani ɗan makaranta ya nuna mata bayanta da hannu. Shi ma ta gyaɗa masa kai.

Tana ƙara gangarawa, mutane suna ƙara raguwa. Can sai ta ga ita kaɗai ce a titi. Ƙofofin kantuna a buɗe, ba kowa a ciki. Ga keke a yashe, tayarsa tana juyawa. Ba abin da take ji sai jiniya da bugun zuciyarta.

Da ta sha kwanar ƙarshe, ta hango tashar jirage. Sai ta ja ta tsaya cak.

Babu ruwa. Tekun ya janye can nesa. Jiragen masunta suna kwance a kan laka, sun karkace. Mohira ba ta san ma'anar wannan ba, amma tsigar jikinta ta tashi. Suzu ta daina kuka, ta ƙanƙame wuyanta.

Sai ga wani tsoho ya fito daga wani lungu, da hular kwano a kansa. Baba Genzo ne, mai sayar da kifi a layinsu. Yana bin gida-gida ne don ya tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Da ya gan su, ya tare gabanta, ya shiga zuba magana cikin sauri da kakkausar murya.

Bakin Mohira ya buɗe da kansa, zai faɗi abin da ya saba faɗa. Sai ta ji Suzu ta ƙara ƙanƙame wuyanta. Hawaye ya zubo mata.

“Baba, ban gane ba,” ta ce. “Ban gane komai ba. Don Allah ka faɗa a hankali.”

Tsohon ya dube ta sau ɗaya. Ya nuna teku ya ce, “Ruwa. Yana zuwa.” Ya juya ya nuna dutsen da ke bayan gari. “Sama. Gudu. Yanzu.”

Waɗannan kalmomi tun a shekararta ta farko ta koye su.

Suka juya suka zuba a guje. Baba Genzo ya haura shekara saba'in, amma bai yarda ta wuce shi ba. Suka wuce filin wasa, suka wuce makarantar firamare. Numfashin Mohira ya fara sarƙewa, takalminta ɗaya ya fice, ba ta tsaya ɗauka ba.

Suna isa gindin matakalar dutsen, suka ji wata ƙara daga bayansu, kamar jirgin ƙasa yana tahowa. Mohira za ta waiwaya, Baba Genzo ya dafa kafaɗarta ya ce, “A'a. Hau.”

Matakalar tana da tsawo, ga Suzu a bayanta. Da ƙyar take hawa. Wasu samari biyu suka sauko da gudu, ɗaya ya karɓi Suzu, ɗaya ya kama hannun tsohon. Mohira ta ƙarasa sauran da rarrafe.

A saman dutsen, a harabar wurin ibadar garin, mutane sun cika. Kowa ƙasa yake kallo.

Ruwan ya shigo. Ba shuɗi ba ne kamar yadda ta saba gani, baƙi ne wuluk. Ya bi tituna yana ɗauke da akwatunan kifi da kekuna da wata farar mota. Mohira ta nemi kwanar da ta tsaya ɗazu. Ba ta ga komai ba sai kan allon titi. Ta zauna a ƙasa, ta rungume Suzu ta ƙi saki.

Sai da la'asar sakaliya Mama Fusako ta iso, ta hanyar bayan dutse, da kayan aikinta a jiki. Tana ratsa mutane tana kiran sunan 'yarta. Da ta gan su, ta durƙusa ta rungume su duka biyun. Sannan ta rusuna wa Mohira har ƙasa, tana yi mata godiya da ta bi maganarta.

Baba Genzo yana zaune a gefe da bargo a kafaɗa. Ya ji, amma bai tona mata asiri ba.

Godiyar ta yi wa Mohira nauyi fiye da matakalar. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Mama, kada ki gode mini. Gida na nufa da ita. Baba Genzo ne ya tare mu. Da safe ban gane abin da kika faɗa ba, ƙarya na yi. Tun da na zo nake yin ta.”

Mama Fusako ta shafa kan Suzu. Can ta yi magana, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda Mohira za ta ji.

“Cewa na yi, in an yi girgiza ki ɗauki Suzu ku hau dutse. Gida kuwa, ko me kuka manta a ciki, kada ku koma.”

Mohira ta fashe da kuka.

“Saurara, 'yata,” in ji Mama. “Rashin ganewa ba laifi ba ne. Da kin iya komai, me zai kawo ki nan? Laifin shi ne ki ce kin gane alhali ba ki gane ba. Ni ma ina da nawa. Na ga shakka a idonki, amma ina sauri, ban sa kin maimaita mini ba.”

Baba Genzo ya yi gyaran murya ya ce yarinyar dai ta iya gudu, wannan kam ba sai an koya mata ba. Mutanen da ke kusa suka yi dariya, karo na farko a ranar.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ko ɗaya a garin ba, domin kowa ya san inda zai nufa. Gidan Mama Fusako bai rushe ba, amma laka ta cika ɗakunan ƙasa har gwiwa. Wayar Mohira da littattafanta duk sun lalace. Mako biyu suka yi suna kwasar laka, maƙwabta suna taya su.

Da aka koma aji, Mohira ta miƙe ta gaya wa Malama Kuroda gaskiya game da ranar atisaye. Malamar ba ta yi mata faɗa ba. Ta juya ga sauran ɗalibai ta tambaye su, wa ya fahimci abin da lasifika ta faɗa ranar girgizar? Sai wani ɗalibi ɗan Nepal ya ce shi mutane kawai ya bi. Wata 'yar Kenya ta ce ita ma haka. Ashe cikin su goma sha biyu, biyu ne kaɗai suka gane.

A makon, ɗaliban suka zauna da malamarsu, suka rubuta umarnin gudun ambaliya da Jafananci mai sauƙi, kowa kuma ya fassara da harshen garinsu. Aka liƙa takardun a jami'a da tashar mota. Mohira ce ta zana taswirar hanyar dutse, domin ba wanda ya kai ta sanin hanyar.

Daga nan ta zama mai yawan tambaya. A kasuwa, a aji, a gida, in ba ta ji ba sai ta ce a maimaita mata. Ba wanda ya raina ta. Kafin shekara ta ƙare, tana zama a kantin Baba Genzo suna hira da harshen masunta, har tana ba shi amsa in ya tsokane ta.

Yara, idan an gaya muku abu ba ku gane ba, ku faɗa a take, ku nemi a maimaita. Mai tambaya shi ne yake koyo. Ɓoye rashin sani kuwa yana iya jefa ku cikin haɗari, ku da waɗanda aka ba ku amanarsu.