Auta da 'Yar Majemi

Inna ta yar da tsintsiya a tsakar gida, ta dubi Auta sama da ƙasa.

— 'Yar majemi za ka auro? A gidan nan? Wallahi sai dai bayan raina!

— Inna, ita fa ba ta yi miki komai ba...

— Rufe min baki! Gobe za ka bi jirgin kawunka. Iskar teku ta wanke maka kai.

Haka Auta ya tafi, gemu bai fito masa ba, ko sallama ba a bari ya yi da yarinyar ba. Ya koyi jan igiya har hannuwansa suka yi kanta. Wata rana 'yan fashin teku suka far musu, suka kashe kawun a gabansa, shi kuma suka sa masa sarƙa a ƙafa. Shekaru ya yi yana tuƙa jirgin azzalumai, har ranar da guguwa ta farfasa shi. Ya rungumi katako, ruwa ya tofo shi gaɓa.

Ya dawo da tabon bulala da furfurar wahala. Gidansu ya zama na wasu, yayyensa sun sayar sun watse. A wani ɗan ɗaki bayan kasuwa ya tarar da Inna, ta makance, wata mata na taje mata kai. Matar ta ɗago. 'Yar majemi ce! Ta girgiza masa kai, kada ya tona.

Inna ta shafa fuskarsa, ta yi kuka har ta gaji.

— Auta, waɗanda na haifa sun yar da ni. Wannan baiwar Allah ce cina da shana, ko gidansu ba ta taɓa faɗa min ba. Ita za ka aura. Ka gode min da na raba ka da waccan ƙazamar.

Hawaye suka zubo wa matar, amma hannunta bai daina taza ba.

Auta ya dubi matar, sannan ya juyo ga Inna.

— Inna, ai ita ce waccan ɗin.

Inna ta lalubo hannun matar, ta kifa fuska a kai.

An ɗaura auren, amma kawu bai dawo ba, ƙuruciyarsu ma haka. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne. Sai dai iyaye su sani, wani lokacin itacen da ake hura wutar da shi rayuwar 'ya'yansu ce.