Ba a Cewa "Na Tafi" a Bakin Ƙofa

Mutanen unguwarmu a Krishnanagar sun ce ba a zuwa sinima da Nilanjan Bagchi. Mai shayin bakin tasha ya rantse cewa tun ana nuna sunayen 'yan wasa yake sanin wanda zai mutu. Ɗalibansa na kwaleji sukan ce idan ka ba shi labarin da ka rubuta, sai ya gaya maka abin da kai kanka ba ka san ka faɗa ba. Ma kuwa, mahaifiyarsa, cewa take, "Tun yana ƙarami ba a taɓa yi masa tatsuniya an gama lafiya ba. Sai ya tambayi ina uwar ɗan sarkin take duk ana wannan abu."

Ni ce matarsa, Jharna. Na shigo gidan ban san harafi ko ɗaya ba. Sai da na kai shekara ashirin da uku na fara zuwa ajin manya, sauran kuma shi ya koya min a baranda, kowace safiyar Lahadi. Yana magana, ina tsince shinkafa ina saurare.

"Jhunu," yakan ce, don haka yake kirana, "kar ki tsaya inda mai labari ya tsaya yana ado. Duba inda ya yi sauri ya wuce. Can ya ɓoye kayansa."

Ranar Talata nake haɗa masa jaka. Alhamis zai hau jirgin ƙasa zuwa Mumbai, wai wani kamfani na so ya gyara musu labarin fim, mako uku. Ina da cikin wata shida. A ƙasan rigunansa cikin durowa na ga ambulan ɗauke da sunana, ba a manne ba. Shafi goma sha biyu, rubutun hannunsa.

Labari ne. Wani malami mai suna Probal zai yi tafiyar aiki, ya bar matarsa a gida. Na karanta a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi kamar yadda na saba. A shafin ƙarshe Probal ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa matarsa, "Jai."

A yarenmu, wato na tafi.

Ko yaron goye ya san ba a furta wannan kalma a bakin ƙofa. Ashi ake cewa, wato ina zuwa, ko kasuwa za ka ko ƙetaren teku. Na sake karantawa daga farko, sau uku, har shinkafar da na ɗora ta kama.

Da safiyar Laraba na same shi a baranda yana duba jarida. Ba na kiran sunansa, don haka na ce, "Kana ji?"

"Ina ji, ranki ya daɗe."

Na ajiye takardun a kan jaridar. Fuskarsa ta canza, ya yi maza ya gyara ta.

"Wa ya ba ki izinin bincike a durowar malami?"

"Ina da tambaya a kan labarin."

"Jhunu, ban gama shi ba..."

"Ka gama. Har kwanan wata ka sa." Na zauna a kan tabarma da ƙyar. "Shafi biyu ka ɓata kana siffanta yadda matar ke soya kifi. Man, wutar, gashinta da ya sauko. Me ya sa?"

"Don mai karatu ya so ta."

"Mai karatu ya riga ya so ta tun shafin farko. Probal ne ke kallonta. Kallon wanda yake haddace abu."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai idonsa ba. "Kin ga illar koyar da mace a gida? Yanzu ta fi ƙarfina!"

"A shafi na biyar ya tsaya sau biyu yana hawa bene. Ba a ce komai ba. A na bakwai an ce, 'da ya dawo daga wurin likita sai ya sayi lemo.' Layi ɗaya. Lemon ya samu rabin shafi, likitan bai samu kalma biyar ba."

"Salo ne kawai."

"Kai ka ce inda mai labari ya yi sauri..."

"Na san abin da na ce!"

Bai taɓa ɗaga min murya ba. Wani mai sayar da kayan miya ya wuce a titi yana kira.

"Sannan ya ce jai," na ce a hankali.

"Kuskuren biro ne."

"Kai? Kai da ka mayar wa ɗalibinka rubutu saboda waƙafi ɗaya?" Muryata ta fara karyewa. "Shekara biyar kana fita daga gidan nan, ban taɓa jin ta a bakinka ba. Ka soke ashi ka rubuta jai a samanta, ina ganin tabon. Mutumin nan ba ya sa ran dawowa. Ba Mumbai za shi ba. Ina za ka?"

Kofin shayi ya yi ƙara a kan faranti. Ma ce tsaye a bakin ƙofa da tire, ban san tun yaushe ba.

"Bouma," ta ce min, wato matar ɗana, "tashi ki shiga ciki. Sanyin ƙasa ba ya miki kyau."

Kallo ɗaya na yi mata na gane.

"Ma... kun sani?"

Ta ajiye tiren a kan kujera, ta goge hannunta da bakin sari, zanen da ke jikinta. "Ni na hana a gaya miki. Zuciyarsa ce, wata ƙofa a cikinta ba ta rufuwa daidai. Ranar Litinin za a yi masa aiki a Chennai, yayansa zai tarye shi a can."

Baranda ta juya min. Na dafe cikina.

"Kin gani?" Ma ta yi saurin durƙusawa kusa da ni. "Abin da nake gudu ke nan! Cikinki na farko a wata biyar ya zube, ni na riƙe ki ranar, kin manta? Ba zan rasa biyu a mako ɗaya ba, Bouma, ba zan iya ba! Ki zauna tare da ni. Ki yi min wannan biyayyar."

Ban taɓa yi mata musu ba. Ita ta fara raka ni ajin manya lokacin da matan unguwa ke dariya, ita ta saya min littafin farko. Na kama ƙafafunta.

"Ma, ku gafarce ni. Idan na zauna a nan ina jiran waya ta yi ƙara, tsoron ne zai yi min abin da kuke gudu. Zan je wurin likitata yau. In ta ce zan iya tafiya, zan bi shi."

"In ta ce a'a fa?"

"Sai in zauna, amma ina sane da inda mijina yake."

Ma ta rufe baki da sari, kafaɗunta na rawa. Can ta ce, "To in za ki, ƙafata ƙafarki. Wa zai dafa miki abinci a garin da ake zuba tsamiya a komai?" Ta miƙe ta shige ciki tana kiran sunan Durga, abar bautarta.

Saura ni da shi. Bai ɗago kai ba tun ɗazu.

"Yaushe ka so in karanta shi?" na tambaya.

"Bayan Litinin. In... in yayana ya kira ki."

"Wato in zauna ni kaɗai da takarda, ina gane abin da na kasa gani da idona kana gabana?"

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ya kama hannuna, nasa sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. Mutumin da ke yin awa biyu yana bayani a kan fim ɗaya, ya buɗe baki sau biyu ya kasa. Na jira. Jira dai na iya.

"Likitan ya ce yawanci ana tashi," ya ce da ƙyar. "Yawanci, Jhunu. Wata guda ke nan kalmar nan ta hana ni sakat. Da Ma ta ce a ɓoye miki, daɗi na ji, don in na faɗa miki da bakina ya zama gaskiya."

Ya kifa goshinsa a kan hannuna, na ji ɗumin hawayensa.

"Tsoro nake ji. Na yi miki ƙarya, na kalli idonki na ce Mumbai. Ki yafe min, Jharna... ki yafe min."